Daga 'Ya'yan Kuka Zuwa Ƙwayar Kemis: Tarihin Bitamin C, Amfaninsa da Haɗarinsa



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda tun da suka ga kan wannan lacca suke tambayar kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da maganar magani? Tambayar tana bisa hanya, saboda haka bari in amsa ta tun da fari. Ni ba likita ba ne, ban kuwa zo don in rubuta wa kowa magani ba. Aikina nazarin harshe da al'ada ne, abinci da cuta da magani kuwa suna tsakiyar al'adar kowace al'umma, kuma kowannensu yana da tarihi.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wani abu da na gani a Rawayya, cikin ƙasar Bunguɗu, sa'ad da na je gaisuwa. Na tsaya kusa da teburin wani mai sayar da magunguna, sai ga wani magidanci ya zo ya ƙirga kuɗinsa ya sayi fararen ƙwayoyin nan na bitamin C. Na tambaye shi wa ba shi da lafiya, ya ce ai kowa lafiya lau, yara zai kai wa don ƙarin lafiya. Kusa da mu kuwa ga wata tsohuwa zaune da faifai cike da 'ya'yan kuka, ba wanda ya ko taya. Abin da mutumin nan ya saya da abin da tsohuwar take talla, a wajen sinadarin da yake nema, abu ɗaya ne. Yadda aka yi har muka kai ga haka shi ne tarihin da nake so in bi da ku yau, kuma abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa ƙwayar bitamin C maganin rashi ce: tana ceton wanda jikinsa ya rasa sinadarin, wanda kuwa ya ƙoshi da shi kaɗan take ƙara masa, idan ta yi yawa ma tana iya cutar da shi.

Cutar Matuƙan Jiragen Ruwa

Ba a san bitamin C ba sai ta hanyar cutar da rashinsa yake kawowa, wadda Turawa ke kira sikabi. Tana farawa da kasala da ciwon gaɓoɓi, sa'an nan dasashi ya kumbura ya riƙa zub da jini, haƙora su yi girgiɗi, jini ya riƙa taruwa ƙarƙashin fata, rauni ya ƙi warkewa, daga ƙarshe mutum ya mutu. Dalilin haka kuwa shi ne, a jikin ɗan Adam akwai wani abu mai kamar zare da ake kira kolajin, shi ne yake riƙe fata da jijiyoyin jini da dasashi da ƙashi. Jiki ba ya iya saƙa shi da ƙarfi sai da bitamin C, kamar dai yadda magini yake zuba makuba a cikin yaɓe don ya jure wa ruwa. Akuya da tunkiya da saniya duk suna haɗa nasu bitamin C a cikin hantarsu. Mutum da biri da ɓeran Masar ba su iya wannan, dole sai sun samu daga abinci. Abin da jiki yake ajiyewa kuwa ba shi da yawa. Idan aka yanke wa mutum shi ƙaf, cikin wata ɗaya zuwa uku alamun cutar za su fara bayyana.

Cutar daɗaɗɗiya ce, amma ba ta zama annoba ba sai da Turawa suka fara doguwar tafiya a teku, inda mutane kan yi watanni ba abin da suke ci sai busasshen burodi da naman gishiri. Vasco da Gama, mutumin Fotugal, ya tashi zuwa Indiya a 1497 da mutum wajen 170, fiye da rabinsu ba su koma gida ba. Abin lura shi ne, a gaɓar Afirka ta Gabas, a Mombasa da Malindi, mutanensa sun sami lemo, kuma labarin tafiyar ya nuna marasa lafiyarsu da kansu suke roƙon a ba su shi. A 1601 wani kyaftin na Ingila mai suna James Lancaster ya riƙa bai wa mutanen jirginsa ruwan lemo kowace safiya, suka tsira, alhali sauran jiragen da ke tare da shi cutar ta kwantar da su. Duk da haka, kusan shekara 140 bayan wannan, George Anson ya tashi daga Ingila a 1740 da mutum kusan 1,900, kafin ya dawo a 1744 fiye da 1,300 sun mutu, akasarinsu ta hanyar cuta, sikabi kuwa ita ce kan gaba. A labarin wannan tafiya ne aka ba da labarin wani tsohon soja wanda raunin da ya samu wajen yaƙi shekara hamsin da suka wuce ya sake buɗewa kamar bai taɓa warkewa ba.

An Gano, An Manta, An Sake Ganowa

A watan Mayu na 1747 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotland, James Lind, ya yi wani gwaji a cikin jirgin da ake kira Salisbury. Ya ɗauki mutum 12 masu wannan cuta, ya raba su biyu biyu, abincinsu iri ɗaya, amma kowane kashi da abin da ake ƙara masa. Wasu ya ba su giyar tuffa, wasu ruwan asid da aka sirka, wasu ruwan khal, wasu ruwan teku, wasu wani haɗi na tafarnuwa da kayan yaji, kashi na ƙarshe kuwa lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kowace rana. Bayan kwana shida lemon ya ƙare, amma ɗaya daga cikin masu shansa ya riga ya koma bakin aiki, ɗayan kuma shi aka sa ya riƙa jinyar sauran. Lind ya buga littafinsa a kan cutar a 1753.

Mai sauraro zai zaci daga nan magana ta ƙare. Ina! Sai a 1795, watau bayan shekara 48, hukumar sojan ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemo ga dukan mutanenta. Dalilin wannan jinkiri yana da muhimmanci a gare mu, domin kuskuren da suka yi har yau muna yin irinsa. Na farko, sun ɗauka tsamin lemo shi ne maganin, don haka suka zaci kowane abu mai tsami zai iya maye gurbinsa. Na biyu, shi kansa Lind ya ba da shawarar a riƙa dafa ruwan lemo har ya yi kauri don ya daɗe bai lalace ba, bai san wuta tana kashe sinadarin ba. Cikin ƙarni na 19 kuma aka bar lemon ƙasashen Bahar Rum aka koma ga wani ƙaramin lemon tsami na tsibiran Karebiyan, wanda bai kai wancan ƙarfi ba, aka kuma riƙa sarrafa shi ta hanyar da ke rage ɗan abin da yake da shi. Da cutar ta kama ayarin George Nares da ya tafi yankin ƙanƙara na arewacin duniya a 1875, ga shi kuwa suna ɗauke da ruwan lemo, sai likitoci da yawa suka yanke cewa ashe lemo ba magani ba ne, suka koma zargin ruɓaɓɓen nama. Ilmin da aka samu da gwaji ya sake ɓacewa, saboda an san abin da yake warkarwa amma ba a san dalilin da ya sa yake warkarwa ba.

Daga Ɗakin Bincike Zuwa Masana'anta

Ƙofa ta buɗe a 1907, lokacin da wasu masana biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen Masar da hatsi zalla, cutar ta kama su, suka ba su ɗanyen ganye suka warke. Sa'a ce ta sa suka zaɓi wannan dabba, domin da ɓeran gida suka ɗauka da ba su ga kome ba. A 1912 Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar da muka ara muka ce bitamin. A 1928 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, ya ware wani farin gari daga jikin dabba da kuma tsirrai, a 1932 shi da abokin aikinsa Joseph Svirbely, da kuma Charles Glen King a Amurka, suka tabbatar cewa wannan gari shi ne maganin sikabi. Daga jan tattasan da ake nomawa a garin Szeged ya riƙa samun sinadarin da yawa. A 1933 Norman Haworth a Ingila ya bayyana ƙirar sinadarin, Tadeus Reichstein kuma a Suwizalan ya gano yadda za a haɗa shi daga sukari. Kamfanin Hoffmann-La Roche ya fito da shi kasuwa a 1934 da sunan Redoxon. A 1937 aka ba Szent-Györgyi da Haworth kyautar Nobel. Yau mafi yawan bitamin C na duniya a ƙasar Sin ake yin sa, daga sukarin masara, kuma ba shi da wani bambanci da wanda ke cikin lemo.

Saura tambaya ɗaya, nawa jiki yake bukata? Tsakanin 1944 da 1946, a birnin Sheffield na Ingila, mutum 20 daga cikin waɗanda suka ƙi shiga soja saboda aƙidarsu sun ba da kansu aka yi gwaji da su. An hana wasu bitamin C gaba ɗaya har cutar ta kama su, aka kuma gano cewa miligiram 10 a rana ya isa ya hana ta, ya kuma warkar da ita. Ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan adadi, domin za mu dawo kansa. Hukumomin lafiya sun ɗora a kan haka don a sami rarar tsaro: Ingila ta ce baligi yana bukatar miligiram 40 a rana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 45, Amurka kuwa tun shekarar 2000 ta ce 90 ga namiji, 75 ga mace, da ƙarin 35 ga mai shan taba. Lemon zaƙi guda ɗaya madaidaici yana ɗauke da wajen miligiram 70.

Ƙasar Hausa da Abincinta

To, mu dawo gida. Tushen abincin mutumin Rawayya da Tsafe da ƙauyukan Gusau shi ne gero da dawa, busasshen hatsi kuwa ba shi da bitamin C ko kaɗan. Miyar da aka fi kaɗawa da rani ta busasshiyar kuka ce ko busasshiyar kuɓewa, shanya kuwa da doguwar dahuwa suna cinye mafi yawan sinadarin, kanwar da ake jefawa a tukunya ita ma tana kashe shi. Idan aka dubi tuwo da miya kaɗai, sai a ce ai abincin Bahaushe bai fi na matuƙan jirgin Anson ba. Me ya tsare kakanninmu ke nan?

Amsar tana cikin abin da ba mu ɗauke shi abinci ba, watau abin da yaro yake tsinka a hanyar gona, da abin da mata suke kwaɗantawa da rana, da abin da ake taɓawa a kasuwa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan muka bi shekara daki daki za mu ga kusan babu lokacin da daji ko lambu ba ya ba da wani abu. Da damina ga zogale da rama da tafasa da yakuwa da alayyafo. Da kaka zuwa hunturu ga magarya da kurna da kanya, ga kayan lambun bakin gulbi, tumatir da tattasai da albasa. Da rani ga 'ya'yan kuka, waɗanda ɓawonsu mai tauri yake adana garin cikinsu wata da watanni. Da bazara ga mangwaro da kashu, farkon damina kuma ga ɗanya da kaɗanya.

A nan ne malamin harshe yake da abin faɗa, domin sunayen waɗannan abubuwa suna ba da tarihinsu. Kuka da magarya da ɗanya da ɗinya sunaye ne na gida, itatuwan kuma tun fil azal suna nan. Lemo kalma ce da ta zo mana daga Larabci, itacen kuma asalinsa daga Asiya yake. Gwaiba da kashu da tumatir sunayensu na aro ne, asalin tsirran kuwa daga nahiyar Amurka, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Mangwaro daga Indiya ya fito. Ashe ke nan kafin baƙin itatuwa su zo, na gida ne suka riƙe jama'a, babbansu kuwa kuka.

Turawan mulkin mallaka sun fara nazarin wannan. J. M. Dalziel, wanda likita ne, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. W. E. McCulloch ya yi bincike a kan abincin Hausawa da Fulanin gida, aka buga shi tsakanin 1929 da 1930. A 1957 kuma B. M. Nicol, wanda ya daɗe yana nazarin abincin manoman Nijeriya, ya buga ɗan rahoto a mujallar Nature a kan yawan bitamin C da ke cikin 'ya'yan kuka. Awon da aka yi ta yi daga baya ya nuna cewa giram 100 na garin ɗan kuka yakan ɗauki daga miligiram 150 har zuwa fiye da 400, gwargwadon itace da yadda aka adana, alhali giram 100 na lemon zaƙi wajen 50 yake da shi. Gwaiba da 'ya'yan kashu sukan kai 200, ɗanyen jan tattasai ya wuce 100. Macen da take dama garin ɗan kuka a cikin nono, da yaron da yake fasa shi yana tsotsa, ba su san sunan sinadarin ba, amma sun sami abin da sojan ruwan Ingila suka yi shekaru aru-aru suna nema.

Sai dai kada mu faɗa ramin da Turawan da suka faɗa, mu ɗauka duk abin da ke da tsami yana da bitamin C. Tsamiya ta fi lemon zaƙi tsami nesa ba kusa ba, amma abin da take da shi na wannan sinadari bai kai miligiram 5 a giram 100 ba. Tsaminta na wani asid ne daban. Tattasai kuwa ba shi da tsami, ga shi ya ninka lemo.

Wani abin da zai ba mu kunya shi ne, a 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da garin ɗan kuka a kasuwanninta, Amurka ta bi baya a 2009. Ana zuba shi a leda mai ƙyalli, a sayar da tsada a matsayin abincin masu kula da lafiya. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Zamanin Yawaitawa

Tun daga 1934 har zuwa ƙarshen shekarun 1960, ƙwayar bitamin C magani ce ta mai rashi. Wanda ya sauya wannan fahimta shi ne Linus Pauling, Ba'amurke, masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya karɓi kyautar Nobel sau biyu, ta 1954 da ta 1962. A 1970 ya buga littafi yana cewa shan miligiram 1,000 ko fiye kowace rana yana hana mura. A 1976 shi da wani likitan fiɗa na Sikotland, Ewan Cameron, suka ba da rahoton cewa giram 10 a rana yana tsawaita ran masu ciwon daji. Girman sunansa ya sa jama'a suka yi rububin saye, kamfanoni kuma suka ga kasuwa. Ni kaina lokacin da nake karatun digiri na uku a waje, hunturu na farko da mura ta kama ni, kowa na haɗu da shi shawararsa ɗaya ce, in sha ƙwayar nan mai tafasa a ruwa. Na sha, murar kuma ta yi kwanakinta ta tafi.

Masana ba su bar maganar haka ba, sun gwada. Asibitin Mayo a Amurka ya yi gwaji sau biyu, a 1979 da 1985, ya ba masu ciwon daji giram 10 a rana ta baki, ya ba wasu ƙwayar da ba kome a cikinta, ba a ga bambanci ba. Game da mura kuwa, a 2013 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutum fiye da 11,000. Abin da ya fito shi ne, shan bitamin C kullum ba ya rage yawan kamuwa da mura ga gama-garin mutane. Yana ɗan rage tsawon kwanakinta, da kashi 8 cikin ɗari ga manya, kashi 14 ga yara, watau murar kwana bakwai ba a rage mata ko kwana ɗaya cikakke ba. Waɗanda aka ga ya rage musu kamuwa da rabi su ne masu wahalar da jiki ƙwarai, irin 'yan gudun fanfalaki da sojoji a cikin ƙanƙara. Fara sha bayan mura ta riga ta kama kuwa bai nuna wani amfani tabbatacce ba. Da annobar korona ta zo a 2020, an yi ta sayen ƙwayar a shagunan magani na Nijeriya kamar sauran ƙasashe, amma wani gwaji da aka buga a Amurka a 2021 ya nuna ba ta gajarta ciwon ba.

Dalilin haka a bayyane yake. Binciken da Mark Levine da abokan aikinsa suka buga a 1996 ya nuna cewa idan abin da mutum yake samu a rana ya kai wajen miligiram 200, jini ya kusa ƙoshi. Abin da ya ɗara haka hanji yana rage tsotsarsa, wanda ya shiga kuma ƙoda tana fitar da shi a fitsari. Jiki kamar tulu ne, idan ya cika duk abin da aka ƙara ƙasa zai sha.

Amfani na Gaskiya

Kada a fahimce ni da cewa ƙwayar ba ta da amfani. Ga mai sikabi ita ce rai: cikin kwana biyu zuwa uku kasala da zubar jini suke fara lafawa. Tana taimakon wanda ba ya iya cin abinci sosai, kamar tsoho marar haƙori, da mai doguwar jinya, da wanda ya ƙone, da ɗaurarre wanda abincinsa hatsi ne zalla.

Akwai kuma wani amfani da ya fi shafarmu. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin mata masu ciki da ƙananan yara a wannan yanki, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe. Gero da dawa da wake suna da wannan sinadari, amma akwai wani abu a cikinsu da yake ɗaure shi ya hana hanji tsotsa, shayi ma haka yake yi. Bitamin C yana kwance wannan ɗauri idan aka ci shi tare da abincin a zama ɗaya. Saboda haka matsa lemon tsami a kan kwaɗo, ko yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kan shinkafa da wake, ko zuba garin ɗan kuka a kunu bayan ya huce, dabara ce mai tushe a kimiyya.

Haɗarin Wuce Gona da Iri

Da yake jiki yana zubar da rarar, mutane sun ɗauka ko nawa aka sha ba kome. Ba haka ba ne. Hukumomin Amurka sun sa iyakar miligiram 2,000 a rana ga baligi, ta yara kuwa ta yi ƙasa da haka ƙwarai, miligiram 400 ce ga ɗan shekara ɗaya zuwa uku. Wuce iyaka yana kawo zawo da murɗar ciki. Wannan abin kula ne ga iyayen da suke barin yara suna tsotsar ƙwayar kamar alewa, ga shi kuma asid ɗin da ke cikinta yana cin haƙori.

Haɗari na biyu shi ne tsakuwar ƙoda. Jiki yana mai da wani kashi na bitamin C zuwa wani gishiri da ake kira okzalet, wanda shi ne yake daskarewa ya zama tsakuwa. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya bi maza fiye da 23,000 a ƙasar Suwidin har shekara 11, ya gano cewa masu shan ƙwayar sun ninka waɗanda ba su sha wajen kamuwa da wannan ciwo. Idan haka ya faru a ƙasar sanyi, to, sai mu yi tunanin manomin Zamfara a watan Afrilu, wanda gumi ya riga ya rage masa ruwan jiki. Mai ciwon ƙoda kuwa bai kamata ya kusanci babban awo ba sai da izinin likita.

Na uku, akwai wani rauni na jini da ake gada, likitoci suna kiransa ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma, kuma da yawa masu shi ba su sani ba. Idan aka yi wa irin wannan mutum allurar bitamin C mai yawan gaske ta jijiya, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa. Na huɗu, mai sikila wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, ƙarfe yakan taru a jikinsa fiye da kima, babban awo na bitamin C kuwa yana iya tsananta wannan. Na biyar, yawansa a jini yana iya rikitar da wasu na'urorin auna sukari, su ba mai ciwon sukari lissafin ƙarya. Ƙwayar nan mai tafasa a ruwa kuma tana ɗauke da gishirin sodiyam, wanda mai hawan jini ake ce masa ya rage. Har a asibiti ma, wani babban gwaji da aka buga a 2022 ya nuna cewa masu tsananin cutar da ƙwayoyin cuta suka bazu a jininsu, waɗanda aka ɗura wa bitamin C ta jijiya, sun fi waɗanda ba a ɗura wa ba shiga haɗari. Zuma ma ga zaƙi ga harbi.

Kammalawa

Da na tsaya a nan, da sai a ce laccar ta ƙare da gargaɗi ga masu hali. Amma akwai wani ɓangare da ya fi damuna. Sikabi ba ta mutu tare da jiragen filafilai ba. Ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Somaliya a 1982, ta sake ɓarkewa a gabashin Sudan tsakanin 1984 da 1985, a tsakanin mutanen da ake ba hatsi da mai da wake, ba ɗanyen abu ko ɗaya. Cikinsu a cike yake, dasashinsu yana zub da jini.

Tun wajen 2011 rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka da dama a Zamfara, mutane suka kwararo Gusau da Tsafe da sauran manyan garuruwa. Wanda ya bar ƙauyensa ya bar gonarsa, kowa ya san wannan. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ya bar kukarsa da magaryarsa da zogalen bayan ɗakinsa, waɗanda yake ci ba da ko kwabo ba. Wanda ya rage a ƙauye ma tsoro ya hana shi shiga daji, gatarin masu itace da gawayi kuma yana ta rage itatuwan kusa da gari. Kayan agajin da ake rabawa kuwa galibi shinkafa ce da masara da mai. Ga shi nan mun wayi gari cikin wani hali: ma'aikacin da yake cin lemo da gwaiba yana haɗiyar miligiram 1,000 da ba ya bukata, yaron da ke kwana a kangon makaranta kuwa miligiram 10 ɗin nan na Sheffield ma ba lalle ne yana samu ba.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga masu raba agaji, gwamnati ko ƙungiyoyi ko masu hannu da shuni, a riƙa haɗawa da garin ɗan kuka da lemo da tumatir, inda kuma haka bai samu ba, to, nan ne wurin ƙwayar. Ga ma'aikatan lafiya, idan aka kawo yaro ko tsoho mai kumburin dasashi da ciwon ƙafafu, a tambayi abin da ya ci cikin wata uku da suka wuce. Ga mu malamai da ɗaliban Hausa kuwa, akwai aikin da ba mai yi mana: mu tattara sunayen 'ya'yan itatuwan daji da ganyayen da ake ci, da lokacin nunarsu, da yadda ake sarrafa su, daga bakin tsofaffin Rawayya da Kwatarkwashi da 'Yandoto tun suna raye, mu miƙa wa abokan aikinmu na sashen kimiyya su auna. Mun ga yadda Ingila ta san maganin sikabi ta kuma manta da shi har sau biyu, alhali tana da shi a rubuce. Namu ilmin a ka yake, ya fi nasu saurin ɓacewa.